Yadda Za Ka Kalli Tsofaffin Finafinan Yaƙi Na Baƙi Da Fari Ka Ji Daɗinsu

Da yawa daga cikin masu cewa tsofaffin finafinan yaƙi ba su da armashi, a gaskiya ba fim ɗin suka gani ba. Kwafi suka samu wanda ya sha wuya, an matse shi, an yanke masa gefe, sannan suka ɗora shi a talabijin da aka saita domin kallon ƙwallo. Fim marar kala ba shi da jari sai haske da inuwa da matakan toka-toka da ke tsakaninsu. Da zarar waɗannan sun lalace, hayaƙin igwa ya koma tabo, dare ya koma baƙin allo, fuskar soja ta koma roba. Don haka gyara yana farawa ne tun kafin a danna rimot.

Zaɓen kwafi

Ka fara duba tsawon fim ɗin ka gwada da tsawonsa na asali. An sha yanke waɗannan finafinai, wani lokaci saboda hukumomin tace finafinai, wani lokaci don a samu gurbin talla. All Quiet on the Western Front na 1930 ya sha almakashi a ƙasashe da dama, har ma an hana nuna shi a Jamus a Disambar shekarar bayan 'yan Nazi sun tayar da hargitsi a sinima. Kwafin da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya gyara yana kai kusan minti 133. In ka ga wanda bai kai wannan ba da nisa, an rage shi. Amma ba kowane gibi ba ne yanka. Fim mai sauti ana ɗaukarsa ne da hoto 24 a daƙiƙa, su kuwa faifan DVD na tsarin PAL da ake yi wa Turai suna gudu da 25. Fim na minti 120 sai ya dawo kusan 115, muryoyi su ɗan ƙara siranta, alhali ba a cire komai ba.

Sai ka nemi wanda aka gyara daga asalin fim ɗin. Kafin farkon shekarun 1950 ana amfani da fim na naitiret, wanda ke ruɓewa yana kuma kama wuta nan take, shi ya sa asalin finafinai da yawa suka salwanta, abin da ya rage sai kwafin kwafi. Duk kwafin da aka ciro daga wani kwafin, baƙinsa yana ƙara toshewa, farinsa yana ƙara ƙonewa. La Grande Illusion na Jean Renoir, 1937, shekaru da dama ana kallonsa a dusashe, domin Jamusawa sun kwashe asalinsa zuwa Berlin, sojojin Sobiyet suka wuce da shi Moscow, daga baya ya dawo ma'ajiyar finafinai ta Toulouse ba a gane shi ne ba sai a shekarun 1990. Faifan kamfanin Criterion da na BFI, cibiyar finafinai ta Birtaniya, abin dogaro ne a wannan fanni, kuma kamfanin Mosfilm na Rasha ya sa finafinansa da yawa kyauta a shafinsa na YouTube, wasu da fassara.

Abu biyu ka guje musu: wanda aka shafa wa kala daga baya, da wanda aka ce manhaja ta "goge" shi ta mayar da shi hoto 60 a daƙiƙa. Masu ɗaukar hoto na wancan zamani sun zaɓi tufafi da fitilu da matatar gaban kyamara ne bisa irin tokar da za su bayar. Jar matata, alal misali, tana duhunta sama har gajimare ya fito ƙarara. Kala tana rufe duk wannan aiki. Haka kuma ƙaramin fayil da aka matse sosai ba ya iya riƙe yashi-yashin fim, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da ke cikin hoton, sai ka ga hayaƙi da hazo sun farfashe gida-gida. Ka tsallaka zuwa wani wurin dare ka duba kafin ka zauna.

Siffar hoto

A nan aka fi yin ɓarna. Daga 1932 zuwa wajen 1953 ma'aunin hoton fim 1.37 ne a kan 1, kusan murabba'i, allon talabijin na yau kuwa 1.78 ne. Dole a ga baƙin shafi dama da hagu, kuma haka ya kamata a bar shi. In ka miƙe hoton ya cika allo, fuskoki za su ƙara faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. In kuwa ka jawo shi kusa, ka zubar da kusan kashi 23 daga sama da ƙasa, wato hular kwano da takalma, waɗanda daraktocin yaƙi ke yawan ba da labari da su. The Longest Day na 1962 akasin haka ne: an ɗauke shi da CinemaScope mai faɗin 2.35, baƙin shafinsa a sama da ƙasa yake. Tsofaffin kwafinsa na talabijin da aka yanke don su cika allo mai murabba'i sun rasa fiye da kashi 40 na gaɓar tekun Normandy ta Faransa, inda aka yi yaƙin da ke cikin fim ɗin. A saitin girman hoto ka zaɓi wanda aka rubuta Original ko Just Scan.

Saita talabijin

Idan talabijin ɗinka tana da Filmmaker Mode, kunna shi ya ɗauke maka rabin aiki. In babu, ka zaɓi Cinema ko Movie, sannan ka bi waɗannan da hannu.

Kashe mai santsin motsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG na cewa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Aikinsa ƙirƙiro hotunan ƙarya tsakanin na gaskiya, kuma ƙasa da ɓaraguzai da ke tashi bayan fashewar bam suna rikita shi, sai ka ga gefen masu gudu yana yagewa. Kashe Noise Reduction gaba ɗaya, domin yana ɗaukar yashi-yashin fim a matsayin datti, ya share shi tare da gumi da ƙurar da ke fuska da saƙar kaki. Sharpness ka sauke shi har farin zaren da ke kewaye da kan mutum ya ɓace. A yawancin talabijin wannan yana kusa da sifili. Zafin launi ka sa shi a Warm. Minti goma na farko zai yi maka kamar ya yi rawaya, ido ne bai saba ba. Saitin shago ne ke da shuɗi fiye da kima.

Baƙi da fari kuwa da fim ɗin kansa ake auna su. Tsayar da hoto a wurin dare. Ƙara Brightness har baƙin shafin gefe ya fara yin toka, sannan ka riƙa ragewa ɗaya-ɗaya har ya koma baƙi, ka tsaya daidai inda har yanzu ana ganin ninkin rigar soja. Sai ka nemi wuri mai dusar ƙanƙara ko farin gajimare ka rage Contrast har ka ga sawu da laushi a cikin farin. In akwai saitin Gamma, 2.4 ya dace da ɗaki mai duhu, 2.2 da mai haske. Ƙaramar fitila a bayan talabijin tana hana ido gajiya, ba ta kuma haska allon.

Sauti da fassara

Kusan dukkansu sautinsu layi ɗaya ne. Kashe duk abin da ke ƙoƙarin watsa shi kewaye da ɗaki, don yana sa magana ta yi amo kamar a rijiya. Kada ka ƙara kaurin sauti kana neman girgizar bam irin ta finafinan yau, babu ita a cikin naɗin, sai dai ka ƙara gurnani.

Ka kalle su da harshensu na asali. In fassarar rubutu ta riga magana ko ta makara da tazara ɗaya tun daga farko, maɓallan G da H a manhajar kallon bidiyo ta VLC suna matsar da ita. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, har bayan awa ɗaya ta haura minti biyu, fassarar ta kwafin 25 ce aka haɗa da na 24. Wannan ba ya gyaruwa da maɓalli, wata za ka nemo.

Da wanne za a fara, me kuma za a duba

Paths of Glory na Stanley Kubrick, 1957, shi ya fi dacewa da sabon shiga: bai kai awa ɗaya da rabi ba, ba shi da wurin hamma. Ka lura da yadda kyamara ke tafiya cikin ramin sojoji ba yankewa, har sai da aka faɗaɗa ramukan don ta samu hanya, sannan ka gwada duhun ramin da hasken fadar da janarori ke zaune. Bambancin nan ya gama faɗin ra'ayin fim ɗin kafin kowa ya buɗe baki. Janarorin Faransa yake suka, sai 1975 aka nuna shi a ƙasar.

Bayansa The Battle of Algiers na Gillo Pontecorvo, 1966, kan yaƙin 'yancin Aljeriya. Za ka rantse labaran majigi ne na gaske, alhali babu ko taku ɗaya na tsohon hoto a ciki. Da gangan aka kausasa hoton, kuma mafi yawan 'yan wasan ba sana'arsu ba ce. A nan ne za ka gane abin da ya sa baƙi da fari ya riƙe finafinan yaƙi har bayan kala ta yaɗu: mutanen zamanin a labaran sinima marasa kala suka ga Yaƙin Duniya na Biyu, idonsu ya ɗaura gaskiya da wannan kama. Akwai kuma dalilin aiki. Hoton fagen daga na ainihi yana shiga cikin fim marar kala ba tare da ɗinkin ya fito sosai ba, kamar yadda Twelve O'Clock High na 1949 ya yi da hotunan artabun jiragen sama. In kana son gano wurin ɗinkin, ka duba inda yashi-yashi ya ƙara kauri farat ɗaya, kyamara ta fara rawa.

Daga nan ka bar Hollywood ka zagaya: Rome, Open City na Rossellini, 1945, wanda sauyin haskensa daga asalin fim ɗin yake, ba laifin kwafinka ba ne, The Cranes Are Flying na Tarayyar Sobiyet, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1958, Fires on the Plain na Kon Ichikawa, 1959, ga mai ƙarfin zuciya kawai.

Kullum ka duba shekarar fim kafin ka yanke masa hukunci. Wanda aka yi tsakanin 1939 da 1945 yana ɗauke da aikin ƙarfafa gwiwar jama'a, a Amurka ma ofishin watsa labaran yaƙi da aka kafa a 1942 yana duba rubutun finafinai. Dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka tsananta daga 1934, ta hana nuna jini da rauni ƙuru-ƙuru, shi ya sa soja ke dafe ƙirji ya faɗi tsaf. Kada ka tsaya kan wanda ya faɗi. Ka kalli fuskar na kusa da shi, da tsawon lokacin da darakta ya bar kyamara a kanta kafin ya yanke.