Koyon aikin ɗakin gaggawa a kwalejojin al'umma na Amurka: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Duk wanda ya zauna a Bronx ko Houston ko Greensboro ya san yadda maganar take tasowa a majalisa bayan sallar isha'i. Mutum ya gaji da tuƙin tasi ko jinyar tsofaffi a gida, yana son aikin asibiti mai tsayayyen albashi da inshorar lafiya, amma ba shi da shekara huɗu da zai ba karatu. Sai a ce masa ya nufi kwalejin al'umma, wato kwalejojin gwamnati masu karatun shekara biyu da arahar kuɗin makaranta, ya koyi aikin mataimaki a ɗakin gaggawa. Shawara ce mai kyau. Mataimakin nan shi ke awon jini da zafin jiki, ya yi gwajin zuciya na EKG, ya ɗebi jini, ya taya ɗaure karaya, ya danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Sai dai 'yan'uwanmu da yawa kan yi asarar kuɗi da watanni a kan abubuwan da tambaya ɗaya za ta raba su da su.

Biyan kuɗi kafin a ji abin da asibiti ke so

Wannan shi ne uban kurakurai. Babu wani lasisi guda na wannan aiki da ya game Amurka duka. Kowace jiha da dokarta, kowane asibiti da sharaɗinsa. Da yawa satifiket ɗin EMT suke nema, irin na ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, wanda karatunsa kan ci awa 150 zuwa 190, galibi zango ɗaya. Wasu na CNA suke so, na mataimakin nas, wanda dokar tarayya ta ce kada horonsa ya gaza awa 75, jihohi da dama kuma suka ƙara a kai. Wasu sai ka haɗa da takardar ɗibar jini, kuma a California da Louisiana da Nevada da Washington jiha ce da kanta ke ba da izinin ɗibar jinin.

Kafin ka biya ko dala ɗaya, buɗe tallar aiki na asibitoci uku ko huɗu da bas ko jirgin ƙasa zai kai ka, ka karanta abin da suka rubuta a ƙarƙashin sharuɗɗa. Takardar da ta fi yawan fitowa, ita za ka nema. Akwai makarantun kuɗi da ke tallar "satifiket ɗin ɗakin gaggawa" a kan dubban daloli, alhali ba asibitin da ya ambaci sunansa. Haka katin farfaɗo da zuciya na BLS: wanda aka yi a intanet kaɗai, ba a sa ka danna ƙirjin mutum-mutumin roba a gaban malami ba, asibitoci ba sa karɓa. Na American Heart Association aka fi nema, kuma shekara biyu yake yi ya mutu.

Kwaleji ɗaya kan koyar da EMT ta ƙofa biyu: mai kiredit, da marar kiredit da ake yi a sashen karatun manya. Tallafin Pell, kuɗin karatu na gwamnatin tarayya wanda ake nema ta fom ɗin FAFSA kuma mai girin kad ya cancanta, ya fi bin mai kiredit, kuma kiredit ɗin kan yi maka amfani in ka nufi karatun nas daga baya. Je ofishin tallafin ɗalibai da ƙafarka ka tambaya. Ka tambayi kuma ko za a ɗauke ka mazaunin jihar, don galibi sai ka shekara a cikinta kafin a yi maka farashin 'yan gida.

Takardun gida

Wanda ya gama makarantar koyon aikin lafiya a Kano ko Damagaram ya yi shekaru yana allura da karɓar haihuwa, sai ya ɗauka takardarsa za ta wuce kai tsaye. Ba za ta wuce ba. Ƙwarewar tana nan a hannunka, za ta kuma bayyana ranar da aka fara aikin hannu, amma takardar sai ka sake ta. Sakamakon WAEC ko NECO kuwa, kwaleji kan nemi wata hukumar tantancewa, irin su WES ko ECE, ta duba shi, wannan kuma yakan ci makonni. Fara da wuri. Wanda shi cikakken nas ne daga gida, hanyarsa daban ce, ta jarrabawar lasisin nas da ake kira NCLEX. Aikin mataimaki ya zame masa abin riƙo kafin nan, kada ya shantake a ciki.

Rigakafi da tabon kafaɗa

Ba za a bar ɗalibi ya taɓa marar lafiya ba sai ya kawo shaidar rigakafin ƙyanda da ƙarambau da ciwon hanta nau'in B da sauransu, da gwajin tarin fuka, da binciken tarihin laifi, da gwajin miyagun ƙwayoyi. Yawancinmu katin rigakafin yarinta ya daɗe da ɓata. Ba abin tashin hankali ba ne, ana ɗibar jini a ga ko garkuwar na nan. Matsalar lokaci ce: rigakafin hanta na allura uku wata shida yake ɗauka, ko da yake akwai na allura biyu da ake gamawa cikin wata ɗaya.

Ga inda aka fi rikita namu. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a Najeriya ko Nijar ko Ghana an yi musu allurar BCG ta rigakafin tarin fuka suna jarirai, ita ce ta bar ɗan tabon nan a hannu ko kafaɗa. Wannan allura tana iya sa gwajin fata na tarin fuka ya kumbura ko da mutum lafiyarsa ƙalau. Tun farko ka gaya musu an yi maka BCG, ka roƙi gwajin jini irin QuantiFERON, wanda allurar ba ta ruɗa shi. In shi ma ya nuna alama, to kada ka yi gardama. A ɗauki hoton ƙirji, ka bi abin da likita ya ce.

Jan ƙafa wajen jarrabawa

Gama kwas ba shi ne samun satifiket ba. In na EMT ne, a yawancin jihohi sai ka ci jarrabawar hukumar rajistar ma'aikatan gaggawa ta ƙasa, NREMT, ta kwamfuta, tambaya 70 zuwa 120 cikin awa biyu; New York tana da tata ta jiha. Mutane kan ce bari in huta, bari azumi ya wuce, bari in dawo daga gida, har karatun ya bi ruwa. Shekara biyu gare ka daga gama kwas, in ka faɗi sau uku kuma sai ka yi ƙarin horo kafin a sake ba ka dama. Ka zauna mata cikin makonnin farko. Kuma ba hadda take so ba. Labarin marar lafiya ake ba ka, amsoshi biyu ko uku duk su yi kama da daidai, ana son wadda za ka fara yi. Ka saba da tsarin: lafiyar wurin, hanyar iska, numfashi, zagayawar jini.

Kurakuran hannu

A nan nake so a natsu, don kuskuren takarda aljihunka yake taɓawa, wannan kuwa ran wani.

Numfashi. Ɗalibi ya ga kowa na rubuta 16 ko 18, shi ma ya rubuta bai ƙirga ba. Alhali saurin numfashi na cikin alamun farko da ke nuna jiki ya fara rikicewa, tun kafin jini ya sauka. Bayan ka gama jin bugun jijiya, bar yatsunka a wuyan hannunsa kamar ba ka gama ba, idonka a ƙirjinsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. In numfashin ba ya tafiya daidai, cika minti guda. Da ka ce masa numfashi kake ƙirgawa, zai canza shi.

Awon jini. Maɗaurin da ya yi wa dantse kaɗan yakan nuna hawan jinin da babu shi. Tashi ka ɗauko babba.

Na'urar yatsa mai auna iskar jini tana da wani aibi da ya shafe mu kai tsaye. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata, hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA kuma ta yi gargaɗi a kai a 2021. In na'ura ta ce 94 amma mutum na haki, yana magana guntu-guntu, mutumin za ka gaskata, ka kira nas.

EKG. Manne goma ake liƙawa, shida a ƙirji. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗora manne biyun farko na ƙirji, V1 da V2, can sama kusa da wuya. Mazauninsu tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar ne, dama da hagun ƙashin ƙirji, kuma da yatsa ake lalubo shi, ba da ido ba. In sun hau sama, zanen kan fito da cutar da babu. Mai ciwon ƙirji ana so a yi masa gwajin cikin minti 10 da shigowarsa, takardar kuma hannun likita za ka damƙa ta, ba kan tebur ba.

Ɗibar jini. Kada igiyar roba ta wuce minti ɗaya a dantse, kada ka girgiza kwalba da ƙarfi, juya ta a hankali. Jinin da ya farfashe yakan nuna sinadarin fotasiyam ya hau, a tayar wa kowa hankali a banza, a sake huda mutum. Sunan kuma a bakin gado ake liƙa shi a jikin kwalba, bayan marar lafiyar ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa da bakinsa ka gwada da tambarin suna da aka ɗaura masa a hannu. Wanda ya zuba kwalabe a aljihu ya ce zai rubuta a tebur, wata rana zai ba wani jinin wani.

Kawaici a inda ba muhallinsa ba

An tarbiyyantar da mu kada mu katse babba, kada mu ɗaga murya a gabansa. Tarbiyya ce mai daraja, amma ɗalibi yakan tsaya a bayan nas yana jiran ta gama waya, alhali jinin tsohon da ke gado na shida ya sauka zuwa 80. Ka katse ta. Ka faɗi gado, ka faɗi lamba, ka faɗi abin da idonka ya gani. In an ba ka umarni a cikin hayaniya, maimaita shi da ƙarfi don a san ka ji daidai. In ba ka taɓa yin abu ba, ka ce ba ka taɓa yi ba. Malaman aikin hannu sun fi amincewa da mai faɗin haka a kan mai gyaɗa kai.

Akwai kuma mai wuce gona da iri, kuma ya fi yawa cikin waɗanda suka yi aikin lafiya a gida. Mataimaki ba ya ba da magani, ba ya gaya wa mutum cutarsa, ba ya fassara masa sakamakon gwaji. Ko ruwa marar lafiya ya roƙa, tambayi nas tukuna, wataƙila tiyata za a shiga da shi.

Sirri

Al'ummarmu a waɗannan birane ƙarama ce. Ba makawa wata rana za a turo wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, ko matar abokinka. Dokar sirrin marasa lafiya, HIPAA ta 1996, ta hana ka faɗa wa kowa, har matarka, har da niyyar a je dubiya ko a sa shi a addu'a a zauren WhatsApp. Buɗe fayil ɗin wanda ba kai ke kula da shi ba ma laifi ne, kwamfuta na rubuta sunan duk wanda ya leƙa, kuma ana korar mutane a kan haka. In Bahaushiyar tsohuwa ta zo ba ta jin Turanci, gaishe ta, "Sannu Baba, ya jiki?", kwantar mata da hankali. Amma bayanin cuta da neman izinin tiyata aikin tafintan da asibiti ya tantance ne; in kana so ka zama shi, nemi a gwada ka.

Gemu, hijabi da salla

Kada ka bari sai ranar farko. Takunkumin N95 ba ya kama fuska in da gemu, kuma sai an gwada maka shi kafin ka fara. Akwai wani mai rufe kai duka da ke hura iska, ana iya ba mai gemu in ya nema da wuri. Hijabi ba ya hana aiki, a samu gajere da ba ya lilo a kan marar lafiya. Diyuti kuwa galibi awa 12 ne, bakwai zuwa bakwai, salla biyu ko uku na faɗowa a ciki. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta wajabta wa ma'aikata ta yi wa addinin ma'aikaci sassauci gwargwadon hali. Yi maganar da shugabar nas tun farko, kuma duk lokacin da za ka tashi, miƙa marasa lafiyarka ga wani da sunansa, ka gaya masa wane ke jiran EKG, wane za a sake yi wa awon jini da ƙarfe nawa.