Kafin ka sayi filas na kyamarar da ba ta da madubi

Kar girman filas, wato fitilar da ke walƙawa lokacin ɗaukar hoto, ya ruɗe ka. Duba kansa: in yana ɗagawa sama, yana kuma juyawa gefe, shi za ka saya.

Ka harba hasken kan silin, zai dawo a tausashe. Fuska ba ƙyalli, ba baƙar inuwa a bayan mutum. Ƙaton filas kuwa yakan rinjayi ƙaramar kyamara, hannu ya gaji.

Amma ka sayi wanda ya dace da kyamararka: TTL, wato tsarin da kyamara ke daidaita ƙarfin hasken filas da kanta, na Sony ba ya aiki a Canon ko Nikon, ka duba jikin kwali.

Dabarar harba haske kan silin ba ta ci a waje, ko silin mai nisa, ko mai launi, don launin zai sauka kan fata. Ni na taɓa zaton filas ɗina ya lalace, ashe shuta marar sauti na kunna, wato saitin da kyamara ke ɗaukar hoto shiru. Kyamarori da yawa ba sa harba filas a haka.