Yadda za ka sa waya ta riƙe GPS a cikin mota

Taurarin ɗan Adam na GPS, masu taimaka wa waya ta gane inda take, suna can sama, wajen kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kafin saƙonsu ya iso ya riga ya galabaita. Gilashi yana barinsa ya wuce, rufin ƙarfe kuwa tare shi yake yi. Ga shi waya sai ta ji aƙalla taurari huɗu kafin ta faɗi inda kake. Shi ya sa in tana aljihu, ɗigon nan na taswira yake ta tsalle daga wannan titi zuwa wancan.

Ni tun kafin in tayar da mota nake buɗe taswira, ina tsaye a fili, in jira ɗigon ya natsu. Kowane tauraro yana maimaita bayanin hanyar da yake bi duk daƙiƙa 30, kuma waya tana so ta karɓe shi ba yankewa. In kana gudu, gada ko inuwar dogon gini ta katse shi, sai ta koma jiran wani zagaye. Data a kunne tana rage wannan jira sosai, don intanet ke kawo bayanin nan take.

Daga nan ka maƙala wayar a jikin gilashin gaba, inda take kallon sama. Sai dai wasu motocin gilashinsu yana da siririn shafen ƙarfe na kare zafi, wanda ido ba ya gani. Gwajin ba wuya: ka tsaya, ka sauke gilashin ƙofa, ka miƙa wayar waje. In ta kama nan da nan, ta kuma saki da ka dawo da ita ciki, to gilashin ne. Irin waɗannan sukan bar wani ɗan wuri mai ɗige-ɗige baƙi a bayan madubin tsakiya ba shafe, ka gwada nan. In abin ya ƙi, akwai ƙaramar na'urar GPS da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, a ajiye ta inda sama ke buɗe.

Caja mai araha ma abar zargi ce, ita da kyamarar gaban mota, don wasunsu hayaniyar lantarki suke yi har su danne saƙon. Ka zare su ɗaya bayan ɗaya ka gani. Ka kuma kashe tsarin tsimin batir.

A bas ko jirgin ƙasa, kujerar taga kawai. A jirgin sama ma haka, yawancin wayoyin yanzu suna kama GPS ko da an rufe layin kira, tunda saurare kawai suke yi, amma fa sai ka sauke taswirar tun kana ƙasa.

In za ka sayi sabuwar waya, duba ko tana jin sauran rukunonin taurari irin na GPS, wato Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Ta taga gefe ɗaya na sama kawai ake gani, yawan taurari ne ke cike gurbin.