Yadda Ake Shigar da Jurin Gishiri Cikin Irin Waken Soya

A ma'aunin FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, waken soya yana jure gishirin ƙasa har zuwa 5 dS/m, wato ma'aunin ƙarfin gishiri ta yadda lantarki ke ratsa ruwan ƙasa. Daga nan duk ƙarin ɗaya yana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na amfanin gona. Sa'ar mai kyautata iri ita ce, mafi yawan jurin yana hannun ƙwayar gado guda mai rinjaye, a kan kuromosom na 3 (kuromosom zare ne da ƙwayoyin gado ke jere a kansa). Wani masani mai suna Abel ne ya raɗa mata suna Ncl a 1969, bayan ya nazarci irin Lee mai jurewa da Jackson marar jurewa a Amurka. A 2014 masana a Sin suka gano ainihin gurbinta, wasu suka kira ta GmSALT3, wasu GmCHX1. Kada sunayen su ruɗa ka, abu ɗaya ne.

A saiwa take aiki, tana rage sodiyom da kulorayid da ke hawa zuwa ganye. A irin 85-140 da Williams 82 wani guntun DNA, wato sinadarin gado, ya kutsa tsakiyarta ya lalata ta, shi ya sa gefen ganyensu ke ƙonewa.

Kafin ka haɗa kowane aure, wato barbara tsakanin irinka da iri mai jurewa, gwada irin da kake son gyarawa. Wataƙila yana ɗauke da lafiyayyar ƙwayar tun asali, ka ɓata shekara uku a banza.

Ga gwajin. Cika ƙananan tukwanen roba masu huji da wankakken yashi, tsiro ɗaya a kowace, ka jera su cikin faffaɗan tire. Kowane tire ya samu shaidu biyu, wato irin da aka riga aka san halinsu don kwatantawa: Lee ko Tiefeng 8 na jurewa, Jackson ko Williams 82 na rashin jurewa. Ka shayar da ruwan taki zalla har ganyen farko mai yatsu uku ya buɗe. Sannan ka kawo ruwan gishiri mai ƙarfin milimola 120, wato giram 7 na tsantsar gishiri a lita ɗaya. Kada ka zuba shi gaba ɗaya ranar farko. Fara da sulusi, ka kai cikakken ƙarfi cikin kwana uku zuwa huɗu. In ka yi gaggawa, duka tsiron za su yi yaushi saboda sun kasa jan ruwa, mai jurewa da marar jurewa su zama ɗaya. A tire ake zubawa don saiwa ta sha ta ƙasa, kada ya taɓa ganye.

Abin da ya fi ɓata gwajin nan zafi ne. Ruwa yana ƙafewa, gishiri ya rage, ƙarfin ya hau ba ka sani ba. Auna da mitar awon gishiri kullum, ka tsayar da shi wajen 12 dS/m. Bayan kamar mako biyu ka ba kowane tsiro maki daga 1, kore shar, zuwa 5, matacce. Ranar da shaidar rashin jurewa ta ƙone ita ce ranar maki, ba ranar da kalanda ta nuna ba.

Auren kansa aikin haƙuri ne, don furen soya ƙanƙane ne kuma kansa yake yi wa barbara tun kafin ya buɗe. Zaɓi tohon da launinsa ya fara leƙowa, cire sassan namiji da matsefata, ka goga masa garin furen uba. Da yawa ba sa kamawa, saboda haka yi da yawa. Idan uwa mai farin fure ce, uba mai shuɗi, tsiron da ya fito da jan kara shi ne ɗan auren gaskiya.

Daga nan sai a riƙa sake aurar da 'ya'yan da ke ɗauke da ƙwayar ga irin naka. Zagayen farko yana dawo da kashi 75 na gadonsa, na biyu 87.5, na uku kusan 94. A kowane zagaye rabin 'ya'yan ne ke ɗauke da ƙwayar, don haka tsiro bakwai sun isa a kusan tabbatar da samun ɗaya. Bayan na uku ka bar su su yi wa kansu barbara. Nan ne tarkon yake: uku cikin huɗu za su jure, amma ɗaya ne kacal mai kwafi biyu na ƙwayar, wanda duk 'ya'yansa za su jure. Ko ka tantance da alamar DNA irin KASP, wato gwajin ɗakin bincike mai nuna kwafin da tsiro ke ɗauke da shi, ko ka gwada 'ya'ya 16 na kowane tsiro, ka watsar da layin da ko ɗaya ya ƙone. Ka kuma tabbatar alamar tana bambanta iyayenka biyu, domin ƙwayar tana lalacewa ta hanyoyi da dama, alamar da ke neman guntun da ya kutsa tsakiyarta kaɗai za ta wuce sauran.

GmSALT3 ba ta kare iri lokacin tsirowa. Jurin lokacin tsirowa yana da nasa gado, har da GmCDF1 a kuromosom na 8. Haka kuma ƙasar kanwa daban take da ƙasar gishiri, tunda matsalarta sinadarin kabonet ce da hauhawar pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, kuma an gano wani gurbin jurinta a kuromosom na 17. Idan farin ɓawon da ke filin noman raninka kanwa ce, auna pH tukuna, ka yi wa layukanka gwaji na dabam da ruwan bakabonet.