Kurakuran da aka fi yi a manyan injinan lez na CNC da yadda za a gyara su

'Yan uwa masu aiki da manyan injinan lez na CNC, wato injinan gurzar ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, irin waɗanda ake gurzar shaf na jirgin ruwa da rola ta masana'antar ƙarfe da bututun haƙo mai, kuma a yi milin (yanka da wuƙa mai juyawa) a kai ba tare da an sauke aikin ba, akwai abubuwan da ake ta maimaitawa kuma gaskiya suna damuna sosai. Yawancinsu tushensu ɗaya ne, mutum ya koyi aiki a ƙaramin inji sai ya kwaso halinsa kaf ya kawo babba, alhali abin da ke gabansa yanzu ba kilo biyar bane. Shaf na ƙarfe mai kaurin milimita 300 da tsawon mita 4 ya haura tan 2, in wannan ya kuɓuce yana juyawa kar ka sa rai ƙofar inji zata tare maka shi.

Wanda ya fi ban tsoro shi zan fara faɗa, wato a rubuta G96 a furogiram a manta da iyakar gudu. G96 aikinsa ya riƙe saurin yanka daidai, saboda haka duk sanda wuƙa ta matsa kusa da tsakiyar aiki sifindil, wato abin da ke juya aikin, zai ƙara gudu. A ce kana share fuskar faifai mai faɗin mita ɗaya da saurin yanka na mita 200 a minti, a baki juyi 64 ne kacal a minti, amma wuƙa na isa inda faɗin ya rage milimita 20 injin zai nemi ya wuce juyi 3000, da wannan nauyin duka a cok, wato abin da ke riƙe aikin da haƙora. Maganinsa layi ɗaya ne, G50 S da adadin da cok da aikin zasu iya ɗauka, a sa shi kafin G96 ba bayansa ba. Wannan a kwamfutar inji ta Fanuc kenan, wasu saitin nasu G92 suke karɓa, a Siemens kuma LIMS ne. Kuma dan Allah kar a kwafo adadin daga furogiram ɗin jiya, aikin jiya daban na yau daban. In zaka huda tsakiya ko yanka zare ka koma G97, wanda ke riƙe juyin sifindil a adadi ɗaya.

Abin da ya sa nake nanata wannan shine haƙoran cok ƙarfin riƙonsu raguwa yake yi in gudu ya ƙaru, domin juyawar tana jan su waje, kuma wannan jan in ka ninka gudu sau biyu shi sau huɗu yake ninkuwa. To ga manyan haƙora masu nauyi da aka walda musu ƙari, ga giris ya bushe a cikin cok an yi wata ba a sa ba, agogon haidurolik yana nuna maka komai lafiya amma ainihin riƙon ya ragu. A sa giris kamar yadda kamfanin da ya ƙera cok ɗin ya ce, a riƙa gwada riƙon da ma'auninsa, kuma aikin da nauyinsa ya karkata gefe ɗaya a ɗaura masa nauyin da zai daidaita shi a rage gudu. Akwai kuma masu yin akasin haka, su matse zobe mara kauri har ya lotse, su gurza ya fito da'ira cif a kan inji, suna kwancewa ya koma mai kusurwa uku. Nan haƙora masu taushi ake so waɗanda aka gurza daidai faɗin aikin, a kuma sassauta matsi kafin finishin, wato gurzar ƙarshe.

Sai batun dogon aiki. Tsawo ya wuce kauri kamar sau uku a kawo telstok mai tokare ɗaya ƙarshen aikin, ya kai wajen sau goma a sa sitedi mai tallafe shi a tsakiya, wannan kowa ya haddace. Inda ake kuskure shine saita sitedin. Dogon shaf yana lanƙwasa da nauyin kansa tun kafin wuƙa ta taɓa shi, in ka rufe sitedi a inda ka same shi to a karkace ka riƙe shi, sai ka ga aiki ya fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ko ya riƙa zamewa daga cok a hankali. A fara gurza wuri mai santsi inda rololin zasu zauna, a sa agogon awo a sama da gefe a tabbatar tsakiya ta yi daidai da sifindil, kuma a kare rololin kar ɓarɓashi ya shiga tsakaninsu da aikin.

Zafi kuma, kai, wannan shi ya fi cinye wa mutane aiki ba su sani ba. Ƙarfe yana buɗewa kusan maikuron 12 (milimita 0.012) a kowace mita in zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. A ƙaramin aiki ba zaka ma lura ba, amma rola mai faɗin milimita 500 da ta ɗau digiri 10 a gurzar farko ta ƙara kusan milimita 0.06, shaf mai mita 4 kuwa ya ƙara tsawo kusan rabin milimita. Mutum ya auna da zafinsa ya ga ya shiga awo ya sauke, gari na wayewa aikin ya huce ya ƙanƙance, mazaunin boris ya yi sako-sako, kuma ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Awon da ke kan zane na digiri 20 ne. A yi gurzar farko, a bari ya huce, a sassauta telstok a sake matsewa tunda tsawon ya canza, sannan a yi finishin. Shi ma injin da safe a bar sifindil ya yi ɗumi da ƙaramin gudu kafin a shiga aiki mai tsauri, maikuromita kuma kar a ajiye shi kan inji mai zafi.

Karon taret, wato abin da ke ɗauke da wuƙaƙe, da cok yawanci ba laifin inji bane. An canza wuƙa ba a sake auna ofset (awon da ke gaya wa inji inda bakin wuƙar yake) ba, ko an sa lambar ofset ta wata wuƙar, ko G54, wato sifilin aiki, na tsohon aiki ne. Wani lokacin ma ɗigo ne kawai, a injinan Fanuc da yawa in ka rubuta X100 ba ɗigo zai karanta shi 0.1 ne, ya danganta da yadda aka saita shi, saboda haka ka saba da rubuta X100. da ɗigonsa kullum. Sabon furogiram ko wanda aka taɓa ko da layi ɗaya ne a bi shi layi-layi, a rage saurin tafiyar banza zuwa kashi 25 ko ƙasa, ido yana kan allon da ke nuna sauran tazara, hannu yana kusa da maɓallin tsayawa. In allo ya ce saura milimita 200 kai kuma idonka na ganin saura 50 ka tsaya nan take. A injin da ke milin sai an ƙara kula, domin lokacin da taret ta juya ba wuƙar da kake aiki da ita kaɗai ce a jikinta ba, doguwar sandar borin (ta gurzar cikin rami) da ke maƙwabtaka ita ce take dukan cok ko sitedi. Kuma kafin milin a tabbatar birkin C, wato wanda ke riƙe sifindil kar ya juya, ya kama in yankan mai nauyi ne.

Karkarwa da ƙara a cikin rami kusan kullum sandar borin ce aka zaro da yawa. Ta ƙarfe kar ta wuce kaurinta sau huɗu, ta kabaid wajen sau shida, in ramin ya fi haka zurfi a nemo mai maganin karkarwa a cikinta wadda take kai sau goma. Mutane suna jin ƙara sai su rage ci, wato tafiyar wuƙa a kowane juyi, su rage zurfin yanka, wani lokacin hakan ƙara ɓatawa yake, don in zurfin bai kai zagayen hancin insat (ɗan bakin wuƙar da ake canzawa) ba gogawa yake maimakon yanka. Gwada rage gudu, ko insat mai ƙaramin hanci, ka bar ci ɗin da zai karya ɓarɓashi. In kuma ɓarɓashin ya fito dogo yana nannaɗewa, a tsayar da inji a ja da ƙugiya. Ba da hannu ba, ba da safar hannu ba, haka ma riƙe sanfefa a kan shaf yana juyawa, wallahi wannan ya raba mutane da hannuwansu, babban inji ko jin ka ba zai yi ba.

Ruwan sanyaya a riƙa auna kaurinsa, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ake so, a kwashe man da ke taruwa a samansa tun kafin ya fara wari. Ƙarar gargaɗin man layin inji kar a kashe ta a ci gaba da aiki. Dogon inji in an jima a sake duba zamansa a kan fandisho, domin gadon injin yana murɗewa in ƙasa ta zauna, kuma daga nan duk ofset ɗin da zaka gyara aikin ba zai miƙe ba. Batirin da ke riƙe faramita (saitin kwamfutar injin) da matsayin inji in ya nuna ya yi ƙasa a canza shi da wuri, a Fanuc yawanci da wuta a kunne ake canzawa, a duba littafin injin tukuna, kuma a kwafi faramita da furogiram a ajiye a wani wuri daban tun injin yana lafiya.