Fetur, gas ko sola: lissafin da za ka yi kafin ka juya janareta ko mota a Sakkwato

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu shaguna, 'yan keke Napep da manoman fadamar Kwalkwalawa da Wurno suke ta tambayar makanikai ko su koma gas. Amsar ta dogara ne ga irin gas ɗin da kuma inda za ka riƙa samun sa, domin iri uku ne kuma ba su shiga tukunya ɗaya.

LPG shi ne gas ɗin girki, ruwa ne a cikin tukunya, kuma ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa. CNG iskar gas ce ta ƙarƙashin ƙasa da ake matsewa har matsinta ya kai bar 200 (ma'aunin matsi), ta fi iska sauƙi, sama take tashi. LNG kuwa ita ce wannan iskar bayan an sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, harkar manyan masana'antu ce da tankoki na musamman. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi Kaduna ya tsaya Kano, bai zo Sakkwato ba. Duk gas ɗin da ka gani a garin nan a bayan mota ya zo, kuma kuɗin dakon yana cikin farashin da kake biya.

Wutar layi, in akwai ta, ita ce mafi araha. Galibinta ma daga gas take, tashoshi irin su Egbin da Geregu, sai madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru su cika. Babbar tasha tana mayar da sulusi zuwa rabin ƙarfin gas ya zama lantarki, janaretar gida kuwa ko kashi 20 cikin 100 ba ta kaiwa, sauran zafi ne da ƙara. Don haka kada ka zaci gas zai sa janareta ta yi gogayya da mita. Da fetur za ta yi gogayya.

Ga lissafin. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana yin aikin kusan lita 1.4 na fetur, wato tukunya mai kilo 12.5 daidai take da lita 17 zuwa 18. Ninka kuɗin litar fetur ta yau da 1.4. In lita tana naira 1,000, sai kilon gas ya gaza naira 1,400 sannan akwai riba, kuma ka ɗora kuɗin kabu-kabun da zai kai tukunya ya dawo. Kada ka yarda da adadin awannin da mai sayar da kaya ya faɗa maka. Ɗora tukunya a sikeli, kunna janareta awa biyu da kayan da ka saba jonawa, sake aunawa, ka raba abin da ya ragu biyu, shi ne gas ɗin da take ci a awa ɗaya.

Janaretar da ake iya juyawa zuwa gas ɗin girki ita ce mai rumbun baƙin mai daban. Ƙaramar nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai wuri ɗaya ba ta juyuwa, domin man da ke cikin fetur ɗin shi ke shafe fistin, in ka ba ta gas zalla za ta kama. Duba lambar da ke jikin inji: 168F ita ce ta janareta mai kVA 2 zuwa 3 da yawancin injinan ban ruwa, 188F ko 190F ta manya masu kVA 5 zuwa sama. Ka sayi kafireta mai hanya biyu, ta fetur da ta gas, da ta dace da lambar, da regileta mai ƙaramin matsi irin ta girki, da tiyon gas na ainihi, da kilif biyu masu noti, da sabon gaskit. Tiyon ruwa ba ya wannan aikin, gas yana busar da shi ya tsattsage.

Rufe famfon fetur, bar inji ya shanye abin da ya rage har ya mutu da kansa, ka jira ya huce. Cire gidan matatar iska, kwance notuna biyu, zare sandar gwamna (mai daidaita gudun inji) da siririn sifirin ɗinta a hankali, ka lura da ramin da kowanne ya fito, don nan ne yawancin masu koyo ke ɓata aiki: in aka sauya rami inji zai riƙa hawa da sauka. Saka sabuwar kafireta da sabon gaskit, mayar da komai, ɗaure tiyo da kilif a bakin biyu. Buɗe tukunya ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Kumfa ta taso, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Danna maɓallin turo gas daƙiƙa biyu, bar cok a buɗe, ja igiya. Bayan ta tashi ka jona kaya, ka juya sukurun daidaita gas kaɗan-kaɗan har ƙarar ta zauna.

Ƙarfi zai ragu da kusan kashi 10 cikin 100, saboda haka janaretar da da ƙyar take ɗaukar firiza da fetur za ta durƙushe da gas. Gas ba ya sanyaya bawul kamar fetur, a zafin Afrilu da Mayu kuwa da ake haura digiri 40 bawul ɗin hayaƙi yana saurin ci. A riƙa auna tazararsa da inji a sanyaye: milimita 0.15 na shiga, 0.20 na fita a injin 168F. In tukunya ta yi gumi ko ƙanƙara sannan inji ya shaƙe, ana jan gas fiye da yadda take iya bayarwa ne. An fi ganin haka da asubahin hunturu da kuma tukwane masu kilo 3 ko 6. Maganinsa babbar tukunya, ba ɗora ta a rana ko kusa da salansa ba. Ta tsaya a tsaye, a inuwa, mita biyu zuwa uku daga inji. Hayaƙin gas ba shi da wari sosai amma yana kisa kamar na fetur, janareta ba ta kwana a ɗaki ko a zaure.

Ga mota da keke Napep, CNG ya fi fetur araha a kowace kilomita, sai dai tukunyar ƙaramar mota mai lita 65 zuwa 75 tana ɗaukar abin da zai yi kilomita 150 zuwa 200 kawai, ga nauyin kilo sittin da wani abu a but. Birnin Kebbi kaɗai kusan kilomita 150 ce. Kafin ka biya kuɗin juyawa, je gidan da za ka riƙa sha da ƙafarka, ka tambayi direbobin da ke layi kwana nawa ake yi babu gas a wata. Mai zirga-zirgar cikin gari daga Dandima zuwa Mabera zai iya cin riba in akwai gidan sha a kusa, mai dogon zango kuwa ya bar tankin fetur ɗinsa da rai. Tukunyar CNG ba ta da walda, tana da ranar ƙira da ranar ƙarewa a hatimce a wuyanta. Tukunyar girki an yi ta ne don matsin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na CNG ba, kuma tukunyar haɗin gida ce ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a Oktoban 2024. Manyan motocin dizal kuwa juya su aiki ne mai tsada, ba na gefen titi ba.

Wanda bukatarsa fitila ce da fanka da firij da cajin waya, sola ta fi masa duka waɗannan, Sakkwato tana samun kimanin awa shida na cikakkiyar rana. Zafi yana rage ƙarfin fanel da kusan kashi 15 cikin 100 da tsakar rana, don haka a ɗaga shi daga kwano da tazarar taƙi guda iska ta bi ƙasansa, a goge ƙurar hunturu duk bayan kwana biyu ko uku da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Batir shi ne wurin asara: a ɗakin da ke zafi rayuwarsa tana iya raguwa da rabi. Injin walda, injin niƙa da famfon ban ruwa da ake yawo da shi gona-gona, waɗannan a bar wa janaretar gas ko dizal, batir ba ya jure fizgarsu.