Yadda Ake Tace Saƙonnin Gmail

'Yan uwa daga Nima da Aboabo sun yi ta tambayata yadda za su ware rasit ɗin kasuwa daga tarkacen talla. Ga shi:

1. Buɗe Gmail a kwamfuta. Manhajar waya ba ta ƙirƙirar matatar saƙo (filter).
2. A akwatin bincike rubuta from: sai adireshin mai aikowa. Hattara, kada ka bar sarari bayan ɗigo biyun.
3. In adireshi biyu ne, sa OR a tsakani, da manyan haruffa, ka sake rubuta from: kafin na biyun. Nan aka fi tuntuɓe.
4. Danna bincike, ka duba abin da ya fito.
5. Danna alamar zaɓuɓɓukan bincike da ke gefen akwatin bincike, sai ka danna Create filter.
6. Zaɓi lakabi (label), wato sunan da za a liƙa wa saƙonnin. Don Allah kada ka zaɓi gogewa tukuna, kwandon shara yana zubar da saƙo bayan kwana 30.